Koyarwa da harshen uwa: ba darasin Hausa ake nufi ba

Tun watan Maris na 2025 da sabon kundin mulkin Nijar ya ce Hausa ce harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, da wuya a gama muhawara kan lakwal a gidajen rediyon Maraɗi ba a ambaci "koyarwa da harshen uwa" ba. Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake juya maganar. Wannan ya bugo waya ya ce madalla, a ƙara awa biyu na Hausa a mako. Wancan ya ce shi kenan, an kori Faransanci, ɗansa ba zai ci BEPC, jarrabawar ƙarshen kwaleji, ba. Mai gabatar da shirin kuma ya gode wa kowa ya wuce.

Koyar da Hausa daban, koyarwa da Hausa daban. Na farko darasi ne ɗaya cikin darussa. Na biyu kuwa, yaron da ya shiga CI, wato ajin farko na firamare, a Tibiri ko Gidan Rumji zai fara haɗa baƙi da wasali da yin lissafi cikin harshen da yake cacar baki da shi a gida. Faransanci yana shigowa da baki tukuna, sannan a rubuce, yana ƙaruwa aji bayan aji har ya karɓi ragama. Ba a kore shi ba, an dai hana shi tare ƙofa. Wannan ne ma'aikatar ilimi ke kira "bilingue", wato koyarwa da harsuna biyu, ba abin da ake rubutawa a allunan makarantun kuɗi ba, inda kalmar ke nufin Faransanci da Ingilishi ko da Larabci.

Kuma ba sabon abu ba ne. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko da Hausa a Damagaram, daga baya aka ƙara Zabarmanci, Fillanci, Buzanci da Barbarci. Dokar ilimi ta 1998 ta amince da harsunan ƙasa a matsayin harsunan koyarwa. Gwajin da ya haura shekara 50 ai ya zama jan ƙafa.

Masu adawa sun fi son kafa hujja da maƙwabta: "Ko Najeriya ta fasa." Gaskiya ne, a ƙarshen 2025 ministan ilimi Tunji Alausa ya soke tsarin 2022 da ya ce a yi shekaru shida na firamare da harshen uwa. Amma me aka soke? Tun 1977 manufar ilimin Najeriya ta tanadi harshen gida a azuzuwan farko, sai dai mafi yawansa a takarda ya tsaya. Duk mai ƴan uwa a Jibiya ko Katsina ya san yadda abin yake: littafin lissafi da Turanci, jarrabawa da Turanci, malam na fassarawa da Hausa don kada ajin ya yi barci. A waccan ƙasar dai, a Ile-Ife, Farfesa Babs Fafunwa ya fara wani gwaji a 1970: shekara shida cur da Yarbanci, aka rubuta littattafai, aka horar da malamai, Turanci ya zama darasi a hannun ƙwararre. Yaran sun yi fice, Turancinsu ma bai gaza na sauran ba. Ƙasar Gini a zamanin shugaba Seku Ture ta shiga tsarin a 1968 ba isassun littattafai, aka watsar da shi a 1984 bayan mutuwarsa. A ganina duk inda ya faɗi, ba harshen ne ya gaza ba, an ɗora shi ne kan malamin da bai taɓa koyon rubuta ɗ da ƙ ba, ba kuma littafi a hannunsa.

Saura ruɗani guda da ba a son taɓawa a nan, don mu Hausawa ya yi wa daɗi: harshen ƙasa ba lalle ne ya zama harshen uwa ba. Ɗan Bafulatani ko ɗan Buzu a rugagen Bermo da Dakoro, in aka zaunar da shi a CI ana koya masa da Hausa, an sauƙaƙa masa a kan Faransanci in yana jin ta a kasuwa, amma ba da harshen uwarsa aka koyar da shi ba.