Koci Na Ƙwarai Ba Ya Azabtar Da Ɗan Wasa

Matasa da yawa masu motsa jiki a filin wasa na Karkanda, nan Katsina, sun daɗe da ɗauka cewa koci na ƙwarai shi ne mai sa yaro gudu har sai ya faɗi, hutu kuwa ragwanci ne. Wannan tunani yana nakasa 'yan wasa, musamman masu sha'awar tirayatalon, gasar da ake haɗa iyo da tseren keke da gudu a jere.

A Olamfik, inda wasan ya shiga a 2000, ana iyon kilomita 1.5, keke kilomita 40, kusan rabin tafiyar Katsina zuwa Daura ke nan, sannan gudun kilomita 10. Aiki mai tsanani gajiyar da tsoka yake yi. Sai an ci abinci, an yi barci, take gyaruwa ta fi da ƙarfi. Shi ya sa ƙwararren koci yake tafiyar da mafi yawan atisaye a hankali, yadda ɗan wasa zai iya hira yana gudu, sai sau ɗaya ko biyu a mako a matsa da gaske. Idan gasa ta ƙarato ma rage aikin yake yi.

Yana kuma koyar da sauka daga keke a kama gudu nan take, domin ƙafa kan yi nauyi kamar an ɗaura mata buhun gero.

A zafinmu na Afrilu kuwa, atisaye sai bayan Asuba. Koci zai tambayi yaro yadda ya kwana, ko gwiwa na ciwo, ko fitsari ya yi duhu. In ya ga alamar gajiya, ya sallame shi gida ranar.