Maganar haɗe ofisoshin raya unguwanni: daga ina ta samo asali?

Tun da aka rage ma'aikatun gwamnatin Ghana zuwa 23 a farkon 2025, aka haɗa ta ƙananan hukumomi da ta sarakuna da harkokin addini, gardama ta ƙi ƙarewa a majalisun shan ataya na Nima da Maamobi, unguwannin zango na Accra. Wasu na cewa a ci gaba a haɗe har ofisoshin da ke ƙasa, wai ko aiki ya yi sauri, wasu na cewa zango ne zai ɓace a cikin taron. To jama'a, maganar nan fa ta daɗe.

Kowa ya san farkon labarin. 1988 aka kafa asambili 110, wato majalisun ƙananan hukumomi. Tsarin mulkin 1992 ya ce a ware musu aƙalla kashi 5 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa, shi ne kwaman fon. A 2017 aka buɗe ma'aikatar raya zango da asusunta, 2021 ma'aikatar ta tafi, asusun ya tsaya.

Wanda ba a cika tunawa ba shi ne 2009. A shekarar aka fitar da wata doka, L.I. 1961, wadda ta riga ta yi irin haɗewar da ake ta musu a kai yanzu. Ofishin jin daɗin jama'a da na raya al'umma, waɗanda da kowa da shugabansa da kujerunsa, aka mai da su sashe ɗaya a ƙarƙashin asambili. Masu hanyoyin ƙauye, masu gidajen karkara da masu gine-ginen gwamnati su ma aka zuba su a sashen ayyuka guda. Aka ce asambilin manyan birane ya riƙe sassa 16, munisifal, wato na matsakaitan birane, 13, na gunduma 11. A takarda abin ya yi kyau wallahi, tsohuwar da ke neman tallafin LEAP, kuɗin da gwamnati ke bai wa marasa galihu, da ƙungiyar matan da ke son koyon yin sabulu ƙofa ɗaya za su shiga.

Sai dai kuma a daidai lokacin da ake haɗe ofisoshi, ƙasar da za su yi wa aiki sai daɗa yanka ta ake yi. Asambili 170 ne lokacin da dokar ta fito, 2012 suka zama 216, yau 261. Kuma ba wanda ya tilasta, kowace unguwa so take a ce ga nata asambilin, ranar da aka buɗe har da kiɗa. Amma duk sabon munisifal sai ya tsayar da sassan nan 13, sai injiniya, sai akanta, sai mota, sai hayar ofis kafin a gina nasa, kuma daga tukunya ɗaya ake ɗibar wa kowa, tukunyar ba ta ƙara girma don an ƙaro kwanuka ba. Sashen da aka haɗe don ya yi ƙarfi sai ya wayi gari da ma'aikata 'yan kaɗan, kuɗin fita unguwa ma sai an jira. Ilimi da lafiya kuwa, waɗanda su ne talaka ya fi gani, suna da nasu dokokin tun 1995 da 1996, haɗewar ba ta kama su sosai ba.

Mu a nan mun gani da ido. Kafin 2018 Nima da Maamobi duk suna ƙarƙashin asambilin Accra ɗaya, yanzu Nima na Ayawaso ta Gabas, Maamobi na Ayawaso ta Arewa. Babbar kwatar da ke tsakaninsu ba ruwanta da wannan, in ta cika da damina duka ɓangarorin take shiga. Asambiliman, wato wakilin unguwa a asambili, na wannan gefe ya kai kuka ofishinsu, na wancan gefe ya kai nasu, kowane da nasa kasafin, kowane da ranar zamansa.

Shi ya sa in wani ya ce min a sake haɗe ofisoshi, nakan ce ya fara faɗa min mutum nawa ke zaune a sashen da aka haɗe tun 2009 a asambilinsu.