Neman diyya ga yaran da suka jikkata a hatsarin motar makaranta

Neman diyya ga yaron da ya ji rauni a motar ɗaukar ɗalibai wani reshe ne na dokar sakaci a ƙasashen da suka gaji tsarin shari'ar Ingila. Mai ƙara zai nuna cewa nauyin kula da yaron yana wuyan wanda ake ƙara, cewa ya yi sake da wannan nauyi, kuma saken ne ya jawo raunin. Abin da ya raba ta da sauran ƙarar hatsarin mota shi ne, wanda aka cuta yaro ne, mai motar kuma sau da yawa hukuma ce.

Tarihi

A yawancin jihohin Amurka, an daɗe ba a iya kai ƙarar hukumar makarantu. Masana sukan danganta tushen wannan rigar kariya da hukuncin Russell v. Men of Devon na 1788 a Ingila, inda kotu ta ƙi bai wa wani mutum diyyar keken dokinsa da ya lalace a kan wata gada da aka bari ba gyara, bisa hujjar cewa mutanen yankin ba su da asusun da za a biya daga ciki. Kotunan Amurka suka ɗauki ƙa'idar suka faɗaɗa ta, har ta kai ga yaron da direban hukuma ya jikkata ba ya samun komai.

Wani hatsarin motar makaranta ya taka muhimmiyar rawa wajen karya wannan katanga. Wajen 1958, a jihar Ilinoi, wata bas ɗauke da ɗalibai ta sauka daga titi, ta bugi kwalbati, ta kama da wuta, yara suka ji raunin ƙuna. Ƙananan kotuna suka kori ƙarar ɗaya daga cikinsu saboda rigar kariya. A 1959 Kotun Ƙolin jihar, a shari'ar Molitor v. Kaneland, ta soke kariyar gundumomin makarantu, tana ganin bai dace yaro ya ɗauki asarar shi kaɗai ba alhali hukuma na iya sayen inshora. Majalisar jihar ta maido da wani sashe na kariyar ta hanyar doka, musamman a 1965, kuma jihohi da dama sun bi irin wannan hanya: ana iya ƙara, amma da sharuɗɗa.

Waɗanda ake ƙara

Direba, hukumar makaranta, kamfanin da aka ba kwangilar jigila, direban wata motar, ko kamfanin da ya ƙera bas ɗin. Daga 1 ga Afrilu 1977 Amurka ta wajabta wa sababbin motocin makaranta kujeru masu dogon baya da laushi, a jere kusa da juna, tare da ƙarfafa tankin mai, kuma kotuna kan duba ko an cika waɗannan ƙa'idoji. Raunuka masu tsanani da yawa a wajen motar suke faruwa, lokacin hawa ko sauka: yaro ya sunkuya gaban bas zai ɗauki littafinsa da ya faɗi, direba daga kujerarsa ba ya hango shi.

Wa'adi da iyakar diyya

A nan ne iyalai suka fi yin asarar haƙƙinsu. A Ingila, dokar 1980 ta dakatar da wa'adin shekara 3 har yaro ya cika 18, don haka yana da dama zuwa shekara 21. A Amurka ma akan dakatar da wa'adi ga yara, sai dai idan hukuma ake ƙara, dole a fara miƙa mata takardar sanarwa cikin ɗan lokaci: kwana 90 a Niyu Yok, wata 6 a Kalifoniya. Iyayen da hankalinsu ke kan gadon asibiti kan bar lokacin ya wuce, ko da yake kotu na iya ba da izinin shigarwa a makare.

A Teksas, gundumar makarantu ba ta rasa kariyarta sai a kan raunin da ya taso daga amfani da mota, kuma diyya ba ta wuce dala 100,000 ga mutum ɗaya ko dala 300,000 ga hatsari ɗaya, komai yawan yaran da ke ciki.

Matsayin yaro a kotu

Yaro ba ya shigar da ƙara da kansa. Uwa, uba ko waliyyi ne ke tsaya masa. Sulhu ba ya tabbata sai alƙali ya amince, kuma akan killace kuɗin har ya cika 18. Wasu jihohin Amurka ba sa ɗora wa yaron da bai kai shekara 7 ba laifin sakaci. Diyyar ta ƙunshi kuɗin magani, jinyar gaba, raɗaɗi, da abin da raunin zai rage masa na sana'a idan ya girma.

Saɓani

Ana jayayya kan ko rashin bel a kujerun manyan bas sakaci ne. Dokokin jihohi sun sha bamban a kai.