Bikin King Biscuit na Makaɗan Buluz a Helena

Bikin King Biscuit, wanda cikakken sunansa shi ne King Biscuit Blues Festival, taro ne na makaɗa da mawaƙan buluz da aka fara a shekarar 1986 a garin Helena na jihar Arkansas, a gaɓar yamma ta kogin Misisipi, a kudancin Amurka. Ana yin sa sau ɗaya a shekara a farkon watan Oktoba, yakan ɗauki kwana uku zuwa huɗu, kuma ya kai ƙololuwarsa a daren Asabar. Waɗanda suka saba zuwa ba sa wahalar da bakinsu da dogon suna, "Biskit" kawai suke ce masa. Akwai bukukuwan buluz da suka fi shi girma da kuɗi, irin wanda birnin Shikago yake shiryawa tun 1984, amma na Helena ya yi suna ne saboda an kafa shi domin makaɗan yankin kansu, a kan titin da suka yi yawon kiɗa tun suna samari, kuma da yawa daga cikinsu sun ci gaba da hawa dandamalinsa har tsufa ya ci ƙarfinsu.

Garin da yankin

Helena tana kimanin kilomita 110 kudu da birnin Memfis, a cikin shimfiɗaɗɗiyar fadamar da ake kira Delta, wadda ƙasarta baƙa ce mai albarka saboda lakar da ambaliyar kogi ta daɗe tana zubarwa. Auduga ce ta gina yankin, kuma baƙar fata ne suka noma ta, da farko a matsayin bayi, daga baya a matsayin masu noma gonar wani a raba amfani, tsarin da ya riƙa barin manomi da bashi a wuya kowace kaka. A cikin wannan rayuwa ne buluz ya tsiro a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Baitinsa da aka fi sani layi uku ne: mawaƙi ya faɗi magana, ya maimaita ta, sannan ya kawo layi na uku da zai warware ta, jita ko harmonika kuma tana amsa masa kamar 'yan amshi. Masanin kiɗan nan ɗan ƙasar Ostiriya, Gerhard Kubik, ya kawo hujja a wani littafi da ya wallafa a 1999 cewa salon jan murya da lanƙwasa ta a buluz ya fi kama da na ƙasashen sahel na Afirka ta Yamma, inda mutum ɗaya kan yi waƙa da abin kiɗa mai tsirkiya irin goge, fiye da kiɗan ganguna na bakin teku. Wannan ra'ayi ne na bincike da masana ke ci gaba da tattaunawa a kansa.

A shekarun 1930 da 1940 Helena tashar jiragen ruwa ce mai hada-hada, ga jirgin ƙasa, ga masana'antun katako, ga kuma gidajen rawa da caca da ke kwana a buɗe. Makaɗi daga ƙetaren kogi, wato ɓangaren jihar Misisipi, yakan hau jirgin fito ya tsallako domin a nan ake samun liƙi. Shahararren makaɗin buluz Robert Johnson ya zauna a garin na wani lokaci, mai jita Robert Nighthawk kuma a nan aka haife shi a 1909, a nan ya rasu a 1967.

Shirin rediyon da ya ba bikin suna

Ba a iya fahimtar bikin sai an koma ga ranar 21 ga Nuwamba, 1941, ranar da gidan rediyon KFFA, wanda bai cika mako guda da buɗewa ba, ya fara watsa wani shiri mai suna King Biscuit Time. Makaɗa biyu ne suka fara shi: mai busa harmonika Aleck Miller, wanda duniya ta sani da Sonny Boy Williamson na biyu, da mai jita Robert Lockwood Jr. Wanda ya ɗauki nauyin shirin shi ne Max Moore, mai kamfanin Interstate Grocer, wanda ke sayar da fulawa mai tambarin King Biscuit. Ya kamata a lura cewa abin da mutanen kudancin Amurka ke kira biskit ba busasshen nan mai zaƙi ba ne na cikin leda. Wani ɗan burodi ne mai laushi da ake gasawa a gida a ci da zafinsa, shi ya sa fulawa ta ɗauki sunan.

An sanya shirin da ƙarfe goma sha biyu da kwata na rana, daidai lokacin da ma'aikatan gona ke ajiye fartanya su ci abinci, kuma minti goma sha biyar ne kacal a farkonsa. Abin da makaɗan suke samu daga gidan rediyon bai taka kara ya karya ba. Ribarsu ita ce damar sanar da inda za su yi wasa a daren, don haka kafin magariba labari ya karaɗe ƙauyuka, gidan rawa ya cika. Ranar Asabar kuwa sai a ɗora su a bayan babbar mota, a bi garuruwa ana tsayawa a ƙofar kantuna, su yi kiɗa jama'a su taru, fulawa ta ƙare. Cinikin ya yi kyau har a 1947 kamfanin ya fito da garin masara mai sunan Sonny Boy, da hotonsa a jikin buhu yana zaune a kan wani ƙaton zangarniyar masara da harmonika a hannu. Ƙungiyar ta riƙa sauya mutane: James "Peck" Curtis a kan ganguna, Joe Willie Wilkins da Houston Stackhouse a kan jita, Pinetop Perkins a kan fiyano. Shahararrun makaɗa B.B. King da Levon Helm, wanda ya tashi a wani ƙauye kusa da Helena, duk sun bayyana cewa sun saurari shirin tun suna neman hanyarsu a kiɗa. John William Payne, wanda aka fi sani da "Sunshine" Sonny Payne, ya karɓi gabatar da shirin a 1951, bai bar shi ba sai da ya rasu a 2018 yana da shekara 92. Shirin ya sami lambar yabo ta Peabody a 1992, kuma ana ƙidaya shi cikin shirye-shiryen rediyo mafi daɗewa a Amurka.

Sonny Boy ya zagaya Turai a 1963 da 1964, inda samarin makaɗan Ingila suka yi ta rububin wasa da shi, sannan ya dawo Helena ya koma kan shirinsa. A garin aka tarar ya rasu a ɗakinsa ranar 25 ga Mayu, 1965.

Kafuwar bikin

Kafin shekarun 1980 garin ya riga ya yi sanyi. Injin tsinkar auduga ya raba dubban mutane da aiki, suka yi ƙaura zuwa Shikago da sauran biranen arewa, masana'antar tayoyi ta Mohawk da ke West Helena ta rufe a 1979, shagunan titin Cherry, wanda shi ne babban titin kasuwancin garin, suka riƙa rufewa ɗaya bayan ɗaya. Ƙungiyar Main Street Helena, mai neman farfaɗo da tsakiyar gari, ita ce ta haɗa kai da wasu masoya buluz na garin, ciki har da Bubba Sullivan mai shagon sayar da faifai, waɗanda suka zama ƙungiyar Sonny Boy Blues Society. Bikin farko na yini ɗaya ne, dandamalinsa bayan babbar mota ne, mahalartansa kuma 'yan ɗaruruwa ne. Cikin 'yan shekaru sai ya zama na kwanaki, yana tara dubun dubatar mutane, har da masu zuwa daga Turai da Japan, a garin da ƙidayar 2020 ta nuna mazaunansa, haɗe da West Helena da aka haɗe su a 2006, ba su kai dubu goma ba.

An shafe shekaru masu yawa ana shiga kyauta, daga baya tsadar shiri ta sa aka fara karɓar kuɗin shiga wurin babban dandamali. A 2005 bikin ya rasa sunansa, saboda wani kamfani da ya mallaki haƙƙin sunan King Biscuit ya nemi kuɗin da masu shirya bikin ba za su iya biya ba, sai aka koma kiran sa Arkansas Blues and Heritage Festival. Jama'a dai ba su daina cewa "Biskit" ba, kuma a 2011 sunan ya dawo. Annobar korona ta hana yin bikin a 2020.

Makaɗan gida

A nan ne darajar bikin take. Robert Lockwood Jr., wanda aka haifa a 1915 a ƙauyen Turkey Scratch, ya koyi jita kai tsaye daga hannun Robert Johnson, wanda ya zauna tare da mahaifiyar Lockwood. Ko da yake ya koma birnin Cleveland da zama, ya riƙa dawowa Helena lokacin bikin da jitarsa mai tsirkiya goma sha biyu har zuwa rasuwarsa a 2006, kuma an raɗa wa ɗaya daga cikin dandamalan bikin sunansa tare da na Houston Stackhouse. Pinetop Perkins, haifaffen Belzoni a 1913, da jita ya fara, sai wani rikici a Helena a shekarun 1940 ya jawo aka yanke shi da wuƙa a hannun hagu, jijiyoyin suka lalace, ya koma fiyano gaba ɗaya. Ya shiga ƙungiyar shahararren mawaƙin buluz Muddy Waters a 1969, kuma a 2011, yana da shekara 97, ya ci lambar Grammy tare da Willie "Big Eyes" Smith, ɗan asalin Helena, makonni kaɗan kafin rasuwarsa.

Ƙungiyar da ta fi wakiltar kiɗan gidajen rawa na karkarar yankin ita ce Jelly Roll Kings, mai mutum uku: Frank Frost a kan harmonika da fiyano, Sam Carr, ɗan Robert Nighthawk, a kan ganguna, da Big Jack Johnson a kan jita, wanda ake wa laƙabi da mai mai saboda ya daɗe yana tuƙin motar dakon mai da rana, ya yi kiɗa da dare. Wannan ita ce rayuwar akasarin makaɗan yankin, domin kiɗa kaɗai bai cika ciyar da gida ba. Frost ya rasu a Helena a watan Oktoba na 1999, kwanaki kaɗan bayan fitowarsa ta ƙarshe a bikin.

Babu wanda kallonsa ya fi tsayawa a ran 'yan kallo kamar CeDell Davis, wanda aka haifa a Helena a 1926. Shan inna ta kama shi yana ɗan shekara goma, ta nakasa masa hannuwa, har yatsunsa suka kasa danna tsirkiya. Sai ya juya jitar, ya riƙe wuƙar cin abinci a hannu yana goga ta a kan tsirkiyoyin, abin da ke fitar da wani amo mai kaifi da karkata, wanda kunnen da bai saba ba zai ɗauka jitar ce ba a ɗaure ta daidai ba. A 1957 'yan sanda suka kai samame wata mashaya da yake wasa a St. Louis, jama'a suka tattake shi wajen gudu, ƙafafunsa suka karye, ya ƙare rayuwarsa a keken guragu. Bai daina wasa ba har kusan rasuwarsa a 2017.

Yadda ake gudanar da shi

Babban dandamali yana fuskantar ganuwar ƙasar da aka gina domin tare ambaliyar kogi, kuma gangaren ganuwar ne mazaunin 'yan kallo. Tun da safe mutane ke hawa da kujerun naɗewa da barguna su kama wuri, rana ta gasa su da hantsi, sanyin kaka ya kama su da dare. A nan manyan baƙi ke rufe taro: B.B. King ya yi wasa a 2010, Buddy Guy da Bonnie Raitt ma sun hau wannan dandamali. Irin waɗannan sunaye su ke sayar da tikiti, amma wanda ya tsaya a nan kaɗai ya rasa rabin bikin. A tsawon titin Cherry, tsakanin hayaƙin masu gashin nama da masu soya kifi, makaɗan titi ke jeruwa a ƙofar shagunan da aka rufe, kowa da ƙaramar lasifikarsa da bokitin liƙi a gabansa, kiɗan wannan yana shiga cikin na wancan. Wani tsoho ne shi kaɗai da jita, wasu yara ne da iyayensu suka kawo, wasu kuma ƙungiyoyi ne daga garin Clarksdale na jihar Misisipi ko Memfis da ba su sami gurbi a jadawali ba.

Akwai kuma waƙoƙin coci, da zaman tattaunawa da makaɗa, da gasar gashin nama, da tseren ƙafa da na keke. Cibiyar Delta Cultural Center, wadda aka buɗe a 1990, ita ce ke ɗauke da ɗakin watsa King Biscuit Time, kuma a makon bikin makaɗa kan cika ɗakin su yi wasa kai tsaye. Da yake masaukan garin ba sa isa, baƙi da yawa kan kafa tantuna kusa da kogi, wasu kuma su kwana a ƙetare.

Tambayar da ke bin bikin tun bayan rasuwar dattawan King Biscuit Time ita ce wa zai gaje su, domin yawancin masu sayen tikiti a yau fararen fata ne 'yan nesa, a garin da mafi yawan mazaunansa baƙar fata ne, kuma wasu daga cikin ƙungiyoyin da ake gayyata kiɗansu ya fi karkata ga rok. Duk da haka yankin bai daina haihuwa ba. Christone "Kingfish" Ingram, wanda aka haifa a Clarksdale a 1999, ya koyi kiɗa a ajin yara na gidan tarihin Delta Blues Museum, ya kuma ci lambar Grammy a 2022.

Ranar Lahadi, bayan an kwashe kujeru daga kan ganuwa, an daɗe da al'adar tsallaka gadar Helena, wadda aka buɗe a 1961, zuwa tsohuwar gonar Hopson da ke gefen Clarksdale, domin taron kiɗa na girmama Pinetop Perkins. A wannan gona ya yi tuƙin tarakta a shekarun 1940, kuma a cikinta ne a 1944 aka fara noma auduga aka girbe ta da inji tun daga shuka har tsinka.