Shiraz ko Syrah: inabin da aka jingina wa Iran

Kwanan nan da an taɓo zancen jar giyar inabi mai tsada sai ka ji an ce "Shiraz", har wani mai sharhi ya ƙara da cewa ai daga Iran take. Sam ba haka ba ne. Gaskiya ne garin Shiraz ya yi suna da giya a da, amma tun juyin juya halin 1979 aka haramta ta a can.

Shiraz da Syrah inabi ɗaya ne. A ƙarshen shekarun 1990 Carole Meredith ta jami'ar Kaliforniya da ke Davis da abokan aikinta suka binciki ƙwayoyin halittarsa, suka gano iyayensa: Dureza da Mondeuse Blanche, dukansu 'yan kudu maso gabashin Faransa. Gidansa kwarin kogin Rhône ne a Faransa, yankunan gonakin inabi irin su Hermitage da Cornas da Côte-Rôtie. Wani ɗan Birtaniya mai suna James Busby ne ya kai rassansa Ostireliya a farkon shekarun 1830, can kuma sunan Shiraz ya bi shi. Shi kuwa Petite Sirah, duk da kamar suna, wani inabi ne daban, ɗaya sunansa Durif.

Yau sunan biyu salo suke nunawa. Syrah na wuri mai sanyi ne, da ƙamshin masoro, wanda sinadarin rotundone ke kawowa, sinadarin da ke cikin masoron kansa. Shiraz na wuri mai zafi kamar kwarin Barossa na Ostireliya ya fi kauri da ƙarfi. Masu saye da yawa suna ɗaukar kauri a matsayin inganci, kuma nan ne suke kuskure.

Aikin yana wurin tsimawa. Ana barin ruwan inabin da ɓawonsa mako biyu zuwa uku, zafi kusan digiri 28 zuwa 32 a ma'aunin Celsius, ana danna ɓawon ƙasa kullum domin launi da bauri su fito. A Côte-Rôtie doka ta yarda a haɗa farin inabin Viognier har kashi 20 cikin ɗari. Daga nan sai gangar katako mai lita 225 ko 228, shekara ɗaya zuwa biyu.

Lagon wannan inabin ɗaya: idan yis ya rasa abinci ko iska, sai giyar ta ɗauki warin ruɓaɓɓen ƙwai. Shi ya sa ake juye ta daga ganga zuwa ganga don ta sha iska. Sabuwar ganga kuwa idan ta yi yawa, ƙamshin katako ne zai danne na masoron gaba ɗaya.