Kafin ku dangwala yatsa a takardar masu kabon

Jama'a, musamman masu unguwanni da shugabannin ƙungiyoyin manoma, don Allah ku karanta wannan ku isar wa wanda bai iya karatu ba. Harkar kabon kiredit ɗin nan da ake ta ji, kamfani ne can yana fitar da hayaƙi sai ya biya kuɗi a shuka itatuwa ko a killace daji a wani wurin, duk tan 1 na iskar kabon da itatuwan suka zuƙe shi ne kiredit 1, shi ake sayarwa. Ni malamin gona ne, shuka itace abin so ne a wurina, amma fa ƙasar da za a yi shukar tana da masu ita, kuma yarjejeniyar nan kan kai shekara 30 ko 40, wato har jikoki ta ɗaure.

Tun 2010 a taron Majalisar Ɗinkin Duniya kan sauyin yanayi da aka yi a birnin Cancun na ƙasar Meziko aka amince da ƙa'idoji 7 na kare jama'a a ayyukan daji irin wannan, ciki har da mutunta haƙƙin mutanen wuri da shigar da su cikin shawara. Saboda haka ba alfarma ake muku ba in an zauna da ku, kuma kuna da ikon cewa a'a. A Isiolo ta arewacin Kenya mutum 165 suka kai ƙara, a Janairun 2025 kotu ta ce gandayen daji 2 da aka kafa a filayen kiwonsu ba a bi ƙa'ida ba tunda ba a tuntuɓi jama'a yadda ya kamata ba, ɗaya daga cikinsu kuwa yana cikin wani babban aikin kabon.

To in masu kabon sun zo ku tambaya, burtali da mashaya fa, za a rufe? Matan da ke shiga yin itace da ɗibar kuka da ɗorawa, wa ya ji ta bakinsu? Wannan shi ya fi damuna wallahi, sai a tara maza goma a ƙofar dagaci a raba lemo a ɗau hoto a ce al'umma ta yarda, alhali Bafulatanin da ke kiwo a wurin ma yana can bai san an yi ba. Sai kuɗi, kashi nawa ne naku kuma hannun wa zai shiga? Kenya dai a dokarta ta sa aƙalla kashi 40 cikin 100 ga al'umma in aikin a kan ƙasarsu yake.

A karanta muku takardar da Hausa a bainar jama'a, ku riƙe kwafi, kuma a rubuta a ciki inda za ku kai kuka in an saɓa alkawari da kwana nawa za a ba ku amsa.