Shin ruwan sanyi yana gangarawa huhu ya jawo nimoniya?

Tun muna yara ake ja mana kunne cewa ruwan sanyi yana sauka a huhu ya haddasa nimoniya. Iyaye kulawa ce ta sa suke faɗa, sai dai ba haka jiki yake aiki ba.

Hanya biyu ce a wuya. Maƙogwaro yana gaba, shi ke kai iska huhu. Hanyar abinci tana bayansa, ta nufi ciki. Duk lokacin da ka haɗiyi abu, wani ɗan murfi yakan rufe hanyar iska. Ɗora yatsa a wuyanka ka haɗiyi yawu: za ka ji maƙogwaro ya yi sama, numfashi ya ɗan tsaya. In ɗigo ɗaya ya kuskure hanya, ai nan take za ka ƙware da tari. Ranar layya ma ka duba wuyan rago, bututu mai zobban guringuntsi shi ne na iska.

Ƙwayoyin cuta ne ke kawo nimoniya, su cika ƙananan jakunkunan iska na huhu da ruwa ko mugunya. Hayaƙin girki da cunkoso a rufaffen ɗaki suna ƙara haɗarin. Yaro mai tari da saurin numfashi, a garzaya da shi asibiti.

Don Allah a tura wa 'yan uwa wannan bayani.